Kyanwata tana yawan amai da zawo, me zan riƙa ba ta?

Wata baiwar Allah daga Mabera, a nan cikin garin Sakkwato, ta aiko da tambaya a kan kyanwarta mai shekara biyu. Ta ce kusan wata uku ke nan kyanwar tana amai sau biyu ko uku a mako, kashinta kuma yau ya daidaita, gobe ya koma ruwa-ruwa. Abin da mutanen gida suka rage take ci, tuwo ko shinkafa da miya, ana zuba mata madara da safe, tana kuma farautar ɓera da ƙadangare a bayan gida. Wani ya ce mata raunin ciki ne da kyanwar, sai dai a koma saya mata abincin kamfani. Shi ne take tambaya me ya kamata ta riƙa ba ta, kuma ko lallai sai abincin kamfanin.

Hajiya, Allah ya saka da alheri da kika damu da halin da wannan dabba take ciki. Ba lallai sai abincin kamfani ba. Kyanwar da aka haifa da cikin da ba ya ɗaukar abinci akwai ta, amma ba ta da yawa. A aikina na likitan dabbobi, mafi yawan waɗanda ake kawowa da irin wannan ƙorafi cikinsu lafiyarsa ƙalau, abin da ke shiga cikin ne matsalar. A bayaninki kaɗai na ga abubuwa uku da kowanne shi kaɗai ya isa ya jawo abin da kike gani: madara, miya, da farauta. Sai an kawar da waɗannan sannan za a san ko da gaske akwai wata larura a ƙasa.

Daga gobe a daina madarar nan. Kyanwa tana son madara, ba musu, amma babbar kyanwa ba ta iya narkar da ita yadda ya kamata. Lokacin da take shan nonon uwarta, hanjinta yana fitar da wani sinadari da ake kira laktes, wanda ke farfasa sukarin da ke cikin nono. Da an yaye ta, wajen sati takwas da haihuwa, sinadarin sai ya riƙa raguwa. Sukarin da bai narke ba ya wuce ƙasan hanji ya janyo ruwa, ƙwayoyin bakteriya kuma su ruɓar da shi, sai kumburin ciki da zawo bayan wasu awanni. Madarar gari, ta gwangwani, da nonon saniya ɗanye duk hukuncinsu ɗaya. Kindirmo ya ɗan fi sauƙi domin tsamin ya cinye wani kaso na sukarin, amma kyanwar da ake neman gano abin da ke damunta, ko shi a ɗage mata. Ruwa mai tsabta ya ishe ta.

Maganar miya ta fi damuna, domin ita ta wuce ɓacin ciki. Mu a Sakkwato albasa ba ta yi mana wuya, daga fadamun Wurno da Goronyo ake lodinta zuwa kudu, kuma da wuya a ɗora tukunya ba a yanka ta ba. Ga kyanwa kuwa, albasa da tafarnuwa guba ne. Suna ɗauke da wasu sinadarai da ke lalata jajayen ƙwayoyin jini har su farfashe, kuma jinin kyanwa ya fi na kare saurin kamuwa. Kimanin giram 5 na albasa a kan kowane kilo na nauyin jiki ya isa ya fara taɓa jinin. Kyanwar gida mai kilo 3, kusan cokalin cin abinci ɗaya zuwa biyu na yankakkiyar albasa ke nan. Dafawa ba ta kashe gubar, soyawa ba ta kashe ta, busarwa a daka ma ƙara mata ƙarfi yake yi. Abin da ke ruɗar mutane shi ne ba nan take ake ganin illar ba. Kaɗan-kaɗan kullum sai ta taru, bayan kwanaki a ga kyanwa ta yi laushi, tana haki, ba ta son tashi. Ki ɗaga leɓenta na sama ki dubi dasashinta a cikin haske. Na mai lafiya ja-ja ne mai haske, kamar cikin leɓenki. In kika ga ya yi fari fat ko ya yi ɗorawa, kada a kwana ba a kai ta asibiti ba.

Bayan albasar ga barkono, ga dunƙule, ga gishiri, ga manja ko man gyaɗa yana yawo a saman miya. Tsire, kilishi da balangu su ma suna cikin wannan layi saboda yajin da aka barbaɗa musu. Duk shekara bayan Babbar Sallah sai an kawo mana kyanwoyi da zawo, domin kwana uku ana jefa musu soyayyen nama da kitse, abin da cikinsu bai saba da shi ba. Shi tuwo ko shinkafa ba guba ba ne, sai dai ba abincinta ba ne. Allah ya halicci kyanwa maciyar nama zalla: hanjinta gajere ne, kuma yawun bakinta ba ya fara narkar da sitaci yadda namu ke yi. Za ta iya ɗaukar dafaffiyar shinkafa kaɗan, amma in hatsi ya zama shi ne rabin kwanonta, za ta ƙoshi ba ta samu abin da jikinta ke nema ba.

Sai farauta. Kyanwar da ke cin ɓera da ƙadangare, ni a wurina tana da tsutsar ciki har sai awo ya nuna akasin haka. Daga ɓera take ɗaukar macijin ciki da wata irin tsila. Daga ƙuma, in ta haɗiye ta wajen lasar jiki, take ɗaukar wata tsilar daban. Ƙadangare da tsaka kuma suna iya ɗauke da wata tsutsa mai zama a hanyoyin hanta. Ki duba ƙarƙashin wutsiyarta da wurin da take kwanciya. In kika ga wasu 'yan abubuwa farare masu kama da ƙwayar shinkafa, wasu ma suna motsi, gaɓoɓin tsila ne. Macijin ciki kuwa wani lokaci a cikin aman ake ganinsa, dogo fari, a nannaɗe. Rashin ganin komai ba ya nufin babu, domin ƙwan tsutsa sai da madubin likita. Akwai kuma ƙananan halittu irin su jiyadiya da ake ɗauka a gurɓataccen ruwa, masu sa zawo mai wari da ke tafiya yana dawowa, daidai irin wanda kika kwatanta.

Don haka kafin a taɓa maganar canjin abinci, a ɗebi kashinta na safiyar ranar a leda mai tsabta a kai awo. Maganin macijin ciki daban, na tsila daban. Wanda ya haɗa pirantel da pirazikwantel yana kama duka biyun, ita jiyadiya kuma an fi yi mata fenbendazol na 'yan kwanaki. Duk da nauyin jiki ake auna su, shi ya sa nake roƙo kada a karɓi maganin tsutsar awaki ko na shanu a kara a yi mata kintace. Mafarauciya irin taki tana buƙatar maganin tsutsa aƙalla duk wata uku, tare da maganin ƙuma wanda aka yi domin kyanwa. Na kare, musamman mai sinadarin fametirin, yana sa kyanwa karkarwa da farfaɗiya har ya kashe ta. Ga masu ƙananan yara a gida wannan ya shafe su kai tsaye, domin kyanwa tana binne kashinta a yashin da yara ke wasa, kuma ƙwan macijin cikinta yana shiga jikin mutum. Mai juna biyu kuma ta bar wa wani kwashe kashin.

Yanzu ga abin da za ki ba ta. Na sati biyu, nama iri ɗaya tak, dafaffe da ruwa zalla, ba gishiri, ba albasa, ba dunƙule, ba mai. Wane nama? Wanda ba ta saba ci ba ya fi, domin in akwai abin da jikinta ke ƙi, galibi cikin abin da ta daɗe tana ci yake. Naman sa, kifi da kaza su ne aka fi samu da wannan laifi a kyanwoyi, ba don sun fi sauran illa ba, sai don su aka fi ba su. Mu a nan mun yi sa'a, zabo, tantabara, zomo da naman akuya duk ana samu. In ba ta cika samun kaza ba a da, kaza ta wadatar, ita ce mafi sauƙin samu. A cire fata da kitse, a zare ƙashi duka. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa da kaifi, yana iya maƙalewa a maƙogwaro ko ya huda hanji.

Kada ki zubar da romon. Akwai wani sinadari mai suna taurin wanda jikin kyanwa ba ya iya haɗa isasshensa, sai dai ta samu a nama, kuma yana narkewa ya fita cikin ruwan dahuwa. Rashinsa yana makantar da kyanwa sannu a hankali, yana kuma raunana mata zuciya. A 1987 ne masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Amurka suka nuna alaƙarsa da ciwon zuciyar kyanwoyi, abin da ya sa kamfanoni suka ƙara shi a abincinsu. Saboda haka a dafa naman da ruwa kaɗan, a yayyaga shi ƙanana, a zuba romon a kai. Zuciya da naman cinya sun fi ƙirji yawan taurin.

Kyanwa mai kilo 3 zuwa 4 tana buƙatar kimanin giram 100 zuwa 150 na dafaffen nama a yini. Kada a juye mata shi gaba ɗaya. A raba shi kashi huɗu ko biyar, daga asuba zuwa bayan isha'i. Kyanwar da ke ciyar da kanta a daji ƙananan lomomi take ci sau da yawa dare da rana, ɓera ɗaya yanzu, wani an jima, kuma cikinta a kan haka aka gina shi. Da yawa daga cikin aman da ake kawo mana ƙorafinsa daga nan yake: an bar ta da yunwa tun dare, an cika mata kwano da rana, ta haɗiye ba tauna, bayan minti biyar ta dawo da shi. Ki lura da irin aman. In abincin ya fito yadda ya shiga, a dunƙule kamar tsiran hanji, ba tare da ta yi ta yunƙuri ba, saurin ci ne. Maganinsa a baza abincin a faffaɗan faranti yadda sai ta bi shi ɗaya-ɗaya, in kuma akwai wasu kyanwoyin a raba musu wuri. In kumfa ce ruwan ɗorawa da sassafe, ciki ne ya daɗe ba komai, sai a ajiye mata loma ta ƙarshe kafin a kwanta. In dunƙulen gashi ne, a riƙa taje ta kullum, musamman irin masu dogon gashin nan da ake yayi yanzu, waɗanda zafin garinmu ke sa su zubar da gashi ba ƙaƙƙautawa.

In kashin bai ɗaure ba bayan kwana uku, a ƙara ƙaramin cokali ɗaya na dafaffiyar kabewa da aka dama, sau biyu a yini. Tana tsotse ruwan da ya yi yawa a hanji, kuma akasarin kyanwoyi ba sa ƙin ta.

Wannan gwaji ba ya aiki sai duk gidan ya yarda. Loma ɗaya ta kifi daga hannun yaro, ko lasar kwanon miya a wurin wanke-wanke, ta isa ta rushe aikin sati guda, domin ba za a san me ya jawo zawon ba. Ki tara yara da masu aiki ki yi musu bayani, a rufe kwandon shara, a kife kwanuka, in da hali a hana ta fita farauta na wannan lokaci. Ki samu 'yar takarda ki riƙa rubuta rana, abin da ta ci, ko ta yi amai, da yadda kashin yake. Idan abinci ne matsalar, yawanci cikin sati biyu ake ganin sauyi. Daga nan sai a dawo da abubuwa ɗaya bayan ɗaya, kowanne a ba shi sati guda: dafaffen ƙwai, sai kifi, sai naman sa. Wanda ya dawo da aman, an kama ɓarawon. Kifi dai kullum a dafa shi a cire ƙaya, domin wasu nau'o'in kifi ɗanye suna lalata bitamin B1 a jikinta, ga kuma tsutsa.

Wani abu da nake so ki riƙe da kyau: kada a sa kyanwa azumi da sunan hutar da ciki. Ana yi wa kare haka wani lokaci, amma hantar kyanwa ba ta jure yunwa. In ta yi kwana biyu zuwa uku ba ta ci ba, musamman mai ƙiba, jiki sai ya kwaso kitse ya jibge a hanta fiye da yadda za ta iya sarrafawa, hantar ta toshe. Wannan ciwo yana kisa. In ta yi amai, a jira 'yan awanni, a ba ta ruwa, sannan a gwada ƙaramin cokali ɗaya na nama mai ɗumi. In ta cika yini da kwana ba ta taɓa komai ba, maganar ta bar hannun gida.

Tsokar nama zalla ta gwaji ce, ba ta zaman dindindin ba. Ɓeran da take kamawa da ƙashinsa da hantarsa take cinyewa, ita kuwa tsoka kusan ba ta da sinadarin kalsiyam. In aka daɗe a kanta ƙashi yana laushi, 'yan ƙanana har ƙafafunsu su lanƙwashe. Bayan cikin ya lafa, a tafasa ɓawon ƙwai, a shanya, a daka shi lukui, a riƙa zuba kimanin rabin ƙaramin cokali a kowane rabin kilo na nama. A haɗa da zuciya da ƙundu, da ɗan kitse kaɗan. Hanta kuma 'yar mitsila, sau ɗaya ko biyu a mako. Na san mahauta sukan haɗa wa mai kyanwa hanta da huhu da araha, amma yawan hanta yana tara bitamin A har ƙashin wuya ya sandare, ta kasa juyawa ta lashi jikinta. Abincin gida yana da wuyar cika ma'auni ɗari bisa ɗari, don haka in za a dawwama a kansa, a zauna da likita ya duba haɗin ya ƙara abin da ya rage.

A nan ne abincin kamfani yake da amfaninsa, domin mai kyau daga cikinsa an riga an daidaita masa waɗannan sinadarai. In kina da halin saye, ban hana ba. Ki tabbata na kyanwa ne, ba na kare ba, kuma an rubuta cewa cikakken abinci ne. Ki duba ranar ƙarewar wa'adinsa. Na fi son a sayi ƙaramin buhu a rufe da a sayi wanda aka buɗe ana aunawa a leda, domin busasshen abincin nan an lulluɓe shi da mai, kuma a zafin Sakkwato na watan Maris zuwa Mayu, da ake haura digiri 40, man yana saurin lalacewa. Ki shinshina, in ya yi warin tsohon mai ko ya nuna alamar fumfuna, zubar da shi ya fi arha a kan jinya. Kuma kada a sauya mata dare ɗaya. Kwana biyu zuwa uku na farko kashi ɗaya cikin huɗu na sabon, sannan rabi da rabi, sannan kashi uku, a kammala cikin kwana 7 zuwa 10. Sauyin gaggawa shi kansa yana kawo zawo, sai a ɗora wa abincin laifin da ba nasa ba.

Zafin nan ya shafi abincin gida ma. Naman da aka zuba a kwano da azahar, kafin la'asar ƙuda sun gama da shi. Abin da ba ta cinye ba cikin rabin awa a ɗauke. Tunda wuta ba ta da tabbas kuma firji yana narkewa ya sake daskarewa, gara a dafa na yini ɗaya ko biyu kawai. Kwanon silba ko tangaran ya fi na roba, domin roba tana karcewa datti ya maƙale. Ruwa kuwa, kyanwa tana buƙatar kimanin mililita 50 a kan kowane kilo a yini, haɗe da wanda ke cikin abincinta, kuma ita ba mai yawan jin ƙishirwa ba ce. A ajiye mata ruwan randa mai sanyi a wuri biyu ko uku cikin inuwa, nesa da inda take kashi, a sauya safe da yamma. In babu, za ta je ta sha na kwata.

Ina roƙonki da babbar murya, kada a ba ta maganin mutane. Farasitamol ko ɓari ɗaya yana iya kashe kyanwa, domin hantarta ba ta da abin da ke warware shi. Fuska ta kumbura, dasashi ya koma ruwan ƙasa, numfashi ya gagara. Ibufurofen yana ƙona mata ciki ya lalata ƙoda. Flagyl da mutane ke saurin ɗaukowa in an ce zawo, likita yana iya rubuta shi da ma'auni, amma in ya yi yawa yana taɓa ƙwaƙwalwa ta riƙa tangaɗi. Haka maganin ɓera da na feshin sauro, a nisanta su da kwanonta, kuma ɓeran da ya ci guba in ta cinye shi ita ma tana iya samun rabonta.

Akwai alamun da ba a tsaya gwajin abinci a kansu ba. Amai a jere sau da yawa a yini ɗaya har ruwa ba ya zama. Jini a amai, ko kashi baƙi ƙirin mai danƙo. Rama alhali tana ci. Fatar bayan wuya in an ja ta ta tsaya ba ta koma ba, alamar ruwan jiki ya ƙare. Zare yana leƙowa ta baki ko ta dubura, abin da ake yawan gani a gidajen masu ɗinki da saƙa, kuma kada a kuskura a ja shi, yana iya yanka hanji. Muzuru da ke ta tsugunawa yana nishi ba abin da ke fita, sau da yawa ba kashi ne ya ƙi ba, fitsari ne ya toshe, kuma kwana ɗaya zuwa biyu ya isa ya halaka shi. 'Yar ƙaramar kyanwa da ba a yi wa rigakafi ba, in ta haɗa amai da zawo da zazzaɓi, ana tsoron wata cutar bairos mai saurin kisa. Tsohuwa kuma da ta haura shekara takwas zuwa goma, in ta fara yawan amai da shan ruwa, ƙoda ake fara dubawa.

Taki shekararta biyu, kuma ba ki ambaci rama ko jini ba, don haka ina kyautata zaton cire madara da miya tare da maganin tsutsa zai warware matsalar, in sha Allahu. In sati biyu zuwa uku suka wuce ba sauyi, a kai ta Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko asibitin dabbobi na jiha, a yi mata gwajin jini a kuma duba hanjin da na'ura. Ki tafi da takardar da kika riƙa rubutawa, da sabon kashi a leda, da hoton aman a waya, da kwalin duk wani magani da aka taɓa ba ta. A sa ta cikin kwando mai murfi a lulluɓe da zane mai iska, kuma a fita da sassafe kafin rana ta ɗaga.